Rumbun Iska

Zauren gidanmu na Ali Ɗan Sofo,
wanda na fasa wa bango na ce masa gareji,
nan take zaune, ƴar kwamfaresata,
ƙafa biyu na roba, ɗaya ta karkace.
Shekara tara ina jan ta
kamar akuyar da ta gane hanyar kasuwa.

Tayar keke, sai ta yi dariya.
Tayar kabu-kabu, ta daure.
Amma a kawo mata ƙafar mota
sai ta hau haki, tana tari,
tsohuwar da aka aika tudu da tulu.
Mai mota ya dubi agogo, ya dube ni,
ni kuma in dubi ƙasa.

Sabuwa jika ɗari da tamanin, in ji Alhaji Tsahiru.
Na shafa fentinta, na gaishe shi, na fito.

A wurin ƴan gwangwan na Kadro
na tsinci tankin birkin wata tirela
da ta gama zuwa Kwatano har abada.
Na ƙwanƙwasa cikinsa da sifana,
ya amsa da murya mai tsabta, ba tsatsa.
Jika goma sha biyu.
Bakwai nawa ne. Biyar na Cima,
daga kwanon da take rufe kuɗin ƙuli-ƙuli.
Ba ta ce bashi ba, ba ta ce kyauta ba,
ta ce, "Iska dai za ka saya?"

Nomau mai walda ya cika shi da ruwa tukuna,
ya matsa, ya kasa kunne, ya ce zai riƙe.
Ya ɗinke masa baki biyu da wutar nan shuɗiya.
Na sa tiyo mai kauri, na sa sabon bel,
na sa bawul mai atishawa in ciki ya ƙoshi,
don ƙarfe ma yana da iyakar haƙuri.
Agogon awo kuwa na China ne,
allurarsa na rawa kamar mai jin sanyi.

Daren farko na cika shi taf.
Da asuba allura tana kwance a sifiri.
Wani ɓarawo marar sawu ya kwashe.
Na ɗaure, na kwance, na zagi zare da kusa,
har ƴata Barira, mai shekara shida,
ta zo da ruwan sabulun wankinta
tana shafa wa gaɓoɓin don wasa.
Can ƙarƙashi, inda idona bai kai ba,
kumfa ta kumbura, ta fashe, ta sake.
"Baba, yana busa balan-balan."

Rabin juyi na sifana. Shi ke nan.

Ran Juma'a da la'asar aka ɗauke kuran.
Layinmu ya yi tsit, injin niƙa ya haɗiye kukansa.
Sai ga Arzika da amalanken albasa daga Jiratawa,
ƙafa ɗaya ta kwanta, jakinsa ya jiƙe.
Ya dubi fitila a mace, ya juya zai wuce.
Na ce tsaya.

Na murɗa famfo.
Iskar da na tara tun hantsi
ta fito da fito, ta shige tayar,
amalanken ya miƙe a hankali
kamar raƙumin da ya gama hutu.

Kakana a Tibiri gero ya tara,
yana auna shekara da tsayin rumbu.
Ni jikansa abin da ba a gani nake tarawa,
abin da kowa ke shaƙa kyauta,
in matse shi a ƙarfe, in sayar dala ashirin.

Cima na leƙe ta labule.
Na miƙa mata kuɗin, ta jujjuya a tafi.
Ta ce, "Saura jika huɗu da ɗari da tamanin."
Ashe bashi ne.